Yadda Na Kai Idanun Kyamara Maiduguri

Tun da na dawo gida Maraɗi ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a bakin famfo, har a makarantar da muke koyon karatu mu matan unguwa, sai wata ta matso ta ce, Rakiya, wai da gaske Maiduguri kika je? Wasu so suke in ce na kwana ina jin ƙarar bindiga, wasu kuma so suke in ce duk ƙarya ake yi, gari lafiya lau. Duk wadda na fara ba labari sai an kira ta, ko ɗanta ya tashi daga barci, in tsaya a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Ƙanena Habibu ne sanadin tafiyar. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Tun yana saurayi ya bi wani maigidansa zuwa Maiduguri, ya zauna a unguwar Hausari yana ƙera bokiti da mazurari da murhun gawayi. Can ya auri wata Babarbariya mai suna Falmata, can ya hayayyafa. Tun da rikicin nan ya fara, a waya kawai muke gaisawa.

Wata rana ya kira ni, bayan mun gaisa ya tambaye ni ko kayan shagon marigayi suna nan. Mijina Malam Isa mai hoto ne, kuma ni nake taya shi wanke hotuna a ɗakin duhu, don bai yarda da hannun yaran shago ba. Wayar hannu ta kashe sana'ar tun kafin Allah ya karɓi ransa. Abin da ya rage mini shi ne gilasan da ake ɗaura wa kyamara a gaba, waɗanda mu a shago ido muke ce musu. Na naɗe kowanne da tsumma na zuba su a wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Habibu ya ce su yake so. A shekarar an sare turakun wutar lantarki da ke shiga garinsu, an yi watanni babu wuta, injinan ruwa sun tsaya. Rijiyar gidansa kuma ruwanta kanwa-kanwa ne, ko an tafasa ɗanɗanon ba ya fita. Ga jaririya a gidan, sunanta Bintu, 'yar ƙanwar Falmata ce, uwar ta rasu bayan haihuwa. Madarar gwangwani ake dama mata, cikinta kuma ya ƙi ruwan. Ya ce ya haɗa wani abu da ke tace ruwa da zafin rana, amma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, yana neman gilashin da zai tara masa rana wuri ɗaya.

Da farko na ce zan ba direba ya kai masa. Sai na tuna yadda ake jefa kaya a bayan mota, na kuma tuna 'ya'yan Habibu ƙanana ban taɓa ganinsu ba. Babban ɗana ya yi ta faɗa. Na bar shi ya gama, na ce ya kai ni tasha.

A kan iyaka, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, wani ma'aikaci ya sa na buɗe akwatin. Ya kwance tsumma ɗaya ya juya idon a hannunsa, ya tambaya ko na sayarwa ne. Na ce gadon miji ne. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya naɗe da kansa ya mayar. Na ɗauka haka za a yi ta yi har can. A Kano na kwana gidan wata 'yar maƙwabciyarmu da ke aure a can, da asuba mijinta ya sa ni a motar Borno.

Ina neman wurin zama sai wata dattijuwa mai jiki, ta naɗe da doguwar lafaya ruwan goro, ta buga kujerar da ke gefenta ta ce, "Ka zo nan ka zauna." Na waiga ina neman namijin da take kira. Ni take nufi. Sunanta Ya Kaltum, turaren wuta take kaiwa Kano ta dawo da atamfa. Daga baya na gane da yawa daga mutanen can haka Hausarsu take, mace da namiji duk ka ne, don a yarensu ba a rarrabewa. Ita ma ta samu abin dariya a bakina. Duk sanda na ce lahiya lau sai ta maimaita, ta ce mutanen Nijar sun cinye rabin harafi.

Har Azare hira ake yi a motar, ana gardamar farashin wake. A Potiskum muka tsaya muka ci shinkafa da wake, taya ɗaya kuma ta yi faci, aka ɓata lokaci wajen gyara. Daga nan na lura direba yana yawan duba agogo. Ya Kaltum ta yi mini bayani: akwai ƙofar da sojoji ke rufewa a bakin Maiduguri tun rana da sauranta, wanda ya makara a waje zai kwana, kuma ba wanda ke son dare ya same shi a wannan wajen.

Kafin mu shiga Damaturu aka tsayar da mu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Sojan da ya zo kaina yaro ne, ɗan kudu, ba zai girmi ɗana ba. Ya buɗe akwati, hannunsa ya faɗa kan dogon idon nan da marigayi ke ɗaukar hoton 'yan kokawa da shi daga nesa. Ya kara a idonsa, fuskarsa ta canza, ya kira babbansa. Suka yi ta magana da Turanci. Ni Faransancin da na ɗan taɓa a lakwal, wato makarantar boko, ba shi da amfani a wurin. Ya Kaltum ce ta tsaya ta fassara. Ta ce suna tambaya ko irin wanda ake ɗaura wa bindiga ne, kuma wa zan kai wa.

Na ce a gaya musu ruwan jaririya zan je tacewa. Da ta faɗa, na ga ita kanta ta ji maganar ba ta shiga kunne. Aka zaunar da ni a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya, aka kira lambar Habibu aka yi masa tambayoyi, aka kwance idanun duka aka jera a ƙasa. Can na tuna a ƙasan akwatin akwai hoton Malam Isa a ƙofar shago, kyamara a wuyansa da wannan dogon idon a jikinta. Na nuna musu. Babban ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Mama, tafi. Wannan kar ka nuna a hanya." Yaron ya taya ni naɗewa.

Amma lokaci ya riga ya tafi. Direba ya ce ba zai kama hanya ba, a Damaturu za a kwana. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don a tashar garinmu da an yi mini wankin babban bargo. Ba wanda ya zage ni. Wani tsoho ma cewa ya yi wataƙila wani abu Allah ya kare mu da shi. Direban ne kawai ya yi ta gunaguni shi kaɗai.

Ya Kaltum ba ta tambaye ni inda zan sauka ba, hannuna kawai ta kama muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan 'yar yayarta. Aka shimfiɗa mana tabarma, mata suka yi ta shigowa suna cewa wushe wushe, gaisuwar ba ta ƙarewa, ana yi ana tafa hannu a hankali. Aka kawo burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa da bandar kifi. Na ci har na ji kunya. Bayan magariba wata yarinya ta shigo da kaskon turare ta ajiye a gabana. Na ce madalla, na matsar da shi gefe don ɗaki ya ɗauka. Aka kwashe da dariya. Ashe tsayawa ake yi a kansa a baza zane hayaƙin ya shiga jiki, haka ake karrama baƙuwa. Mu a gida sai amarya ko mai jego. Na tsaya a kai, ni tsohuwar bazawara, suna ta yi mini tsiya.

Da safe muka kama hanya. Wannan yankin ba zan iya kwatanta shi da kyau ba. Hira ta mutu a motar, sai leɓɓa da ke motsi da addu'a. Mun wuce garuruwan da bangaye ke tsaye babu rufi, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna. Wani wuri kuma sai ka ga mutane sun dawo, mace na soya ƙosai a gaban shagon da ya ƙone. Ya Kaltum takan nuna wani gari da haɓa ta ce a nan ake sayen kankana mai zaƙi a da. Da muka wuce ƙofar sojoji sai kowa ya ciro waya a lokaci ɗaya, motar ta cika da "mun shigo, mun shigo."

Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne babu babur ko ɗaya. Mu da a Maraɗi baburan kabu-kabu ke shiga har ƙofar ɗaki. An hana su tun farkon rikici, sai keke mai ƙafa uku kamar fara. Ga itatuwan dogon yaro a jere gefen titi, ga ƙarar janareto ta ko'ina, ga masu tura kurar ruwa da suke kira mai moya. Kasuwanci ake yi sosai, 'yan makaranta na tafiya da kayan makaranta. Na rasa yadda zan haɗa wannan da abin da na gani a hanya.

Habibu ya yi furfura. Ya tsuguna ya gaishe ni kamar yadda yake yi wa innarmu, na ce ya tashi kar ya sa ni kuka a gaban yara. Gidansa ɗaki uku ne, amma mutanen da ke ciki ban iya ƙirga su ba a ranar farko. Dangin Falmata ne da suka gudo daga garuruwan bakin tafki, wasu sun yi shekara da shekaru a nan. A cikinsu akwai Bukar, uban jaririyar, dogo siriri marar magana, ba ya jin Hausa sai kaɗan. A garinsu manomin barkono ne. A nan kuma itace yake yi. Kullum da sassafe yakan tura kura ya fita bayan ramin da aka zagaye gari da shi don tsaro, ya dawo da la'asar. Falmata ta gaya mini a hankali cewa cikin waɗanda suka fara fita tare, akwai waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Bintu kuwa da aka miƙo mini ita, ba nauyi. Idanu ne kawai da dogayen yatsu.

Habibu ya kai ni bayan ɗaki ya nuna mini abin da ya haɗa. Akwatin kwano ne mai faɗi, ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya rufe da gilashin taga a karkace. A zuba ruwan rijiya a ciki, rana ta gasa shi, tururi ya tashi ya kama gilashin kamar gumi, ya gangara ta wani ɗan kwararo ya ɗiga a kwalba. Kanwa da dauɗa su zauna a ƙasa. Dabara ce mai kyau, sai dai wuni guda abin da ke taruwa bai isa damun madarar yarinya ba. Sauran sai an sayi na leda, shi kuma ya yi tsada tunda masu yin sa da janareto suke aiki.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma na kwance idanun. Na ɗauki wanda Malam Isa ya fi ji da shi, na ɗaukar hoton amare, na saita shi da rana a kan takarda, ina ɗagawa ina saukewa har hasken ya tattaru ya zama ɗigo kamar ƙwayar gero. Takarda ta yi baƙi ta huje, hayaƙi ya tashi, yara suka yi ihu. Habibu ya ce shi ke nan an gama. Muka sa ruwa a ƙaramin baƙin kwano, na riƙe idon a kai har kafaɗata ta gaji. Da na tsoma yatsa, ɗumin bai fi na ruwan da aka manta a rana ba. Muka gwada dogon, ya fi muni. Muka ɗora biyu a kan juna, ba abin da ya ƙaru. Wasu manya biyu masu kauri na injin buga hoto, masu faɗin bakin kwanon sha, su ne suka ɗan zafafa ruwan, shi ma ba har ya yi tururin kirki ba.

Habibu ya zauna ya yi tagumi, can ya ce, "Yaya, ashe abin kamar mazurari ne. In ana ruwan sama, ƙaramin mazurari komai kyansa abin da ya faɗo a bakinsa kawai zai tara. Mu mai faɗin baki muke nema, ba mai kyau ba."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, amma ta yi mini zafi. Waɗannan idanun da su aka ciyar da mu, da su aka aurar da 'ya'yana. Na ɗauko su na ƙetare iyaka, an zaunar da ni a benci saboda su, ga shi ba su iya tafasa ruwan kwano ɗaya ba. Na tattara na shiga ɗaki. Falmata ta biyo ni. Ta shigo ta ɗora mini Bintu a cinya ta koma kan tukunyarta.

Muka shiga Kasuwar Litinin neman mai faɗi. A bakin ƙofa ana laluba kowa, mata layinsu daban. Masu tabarau suka yi ta jawo ni suna cewa ga na karatu, ga na rana. Wani ya fito da madubin da masu gyaran agogo ke amfani da shi, bai kai nawa ba. A ƙarshe aka kwatanta mana wani mai gyaran talabijin. Ya ce lallai tsofaffin manyan talabijin ɗin nan masu kama da kabad suna da wani faranti a fuska da ke tara rana har ya ƙona katako, amma na ƙarshen da ya samu ya yanka shi ya liƙe wa wani mai keke gilashin gaba. Habibu ya dafe kai. Muna shirin tafiya sai mutumin ya tuna wani malamin makaranta da ke zuwa lokaci-lokaci yana tambayar ƙwan majigi, alhali majigin babu shi, farantinsa kawai ya rage masa. Ya ce sunansa Malam Kyari, yana gadin wani kango a Jiddari Polo.

Mun same shi a can. Gida ne babba da ba a gama ginawa ba, an toshe tagogi da buhu. Dattijo ne mai farin gemu, rigarsa ta tsufa amma a goge take. Ya shekara da yawa yana koyar da kimiyya a wata sakandare a garinsu. Ranar da aka shigo garin aka cinna wa makarantar wuta, shi kuma kafin ya gudu ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya kwance farantin majigin da yake haska wa ɗalibai zane a bango, ya cusa a bayansa cikin riga. Matarsa, da ke zaune tana tsince shinkafa, ta ce mutane na ɗaukar tukunya da bargo, nata mijin roba ya ɗauko. Ta faɗa tana murmushi, da alama ta sha faɗa.

Ya ciro shi daga ƙarƙashin katifa. Roba ce mai haske, shafaffiya, mai kusurwa huɗu, faɗinta kamar babban tire. A jikinta akwai da'irori sirara ɗaya cikin ɗaya kamar saƙar faifai. Ya fita da shi rana ya saita a kan wani guntun katako, kafin in gyara mayafi katakon ya kama da wuta. Na ji Habibu ya ja numfashi.

Habibu ya yi masa bayanin yarinyar, ya ce ya faɗi nawa zai sayar. Malam Kyari ya mayar da farantin cikin tsummansa a hankali. Ya ce, "Ranar da aka buɗe makarantarmu, da me zan koma?"

Habibu ya buɗe baki zai ƙara magana, na taɓa shi. A duk gidan ba wanda ya fahimci mutumin nan kamar ni. Da za mu fita na gaya masa ni ma na ɗauko nawa tun daga Maraɗi, na marigayi mijina, sun ƙi aiki. Ya tambaye ni irinsu, na faɗa masa. Ya ce ai waɗannan don gani aka yi su, ba don zafi ba, kuma a aikinsu babu kamarsu. Maganar ta ɗan sanyaya mini rai. Muka koma gida hannu rabbana.

Da safe muna karyawa aka yi sallama. Malam Kyari ne, faranti a hammata. Tun kafin ya zauna ya ce, "Ban sayar ba, ban kuma ba da aro ba. Ni da shi za mu riƙa zuwa, ni da shi za mu riƙa komawa."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Habibu ya yi wa farantin firam na katako mai juyawa. Gwajin farko a kwalba muka sa ruwan, hasken na sauka a kanta ta tsage. Na biyu gwangwani ne, ɗigon ya narkar da dalmar da aka liƙe shi da ita, ruwa ya tsiyaye. Habibu ya koma shago ya ƙero 'yar tukunya da ƙarfe mai kauri, ya shafe ta da baƙi, ya fitar mata da siririn bututun jan ƙarfe na tsohon firij, bututun ya ratsa ta cikin randar ruwan sanyi ya fito ta ƙasa. Ni kuma na tuna injin buga hoto, yadda in ka matso da shi hoton ke bajewa. Na ce a daina neman ɗigo mai kaifi, a matso da tukunyar har hasken ya baje ya kai faɗin tafin hannu, ya rufe gefenta duka. Malam Kyari ya ce haka ne, zafin duk yana nan, bazuwa kawai ya yi. Shi kuma ya kafa doka: ba mai kallon wurin da hasken ya taru, kuma duk wanda zai tashi ya rufe farantin da zane. Ni ce na fara karya dokar. Na sunkuya in gyara kwalba, gefen mayafina ya shiga hasken, sai ƙauri na ji. Yana nan da hujinsa, na nuna wa wasunku.

Bayan azahar tukunyar ta fara wani ɗan kuka. Muka zuba wa bakin bututu ido. Ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗa. Wani ya biyo. Falmata ta rufe baki da lafayarta.

Kar in ƙara gishiri: ruwan ba shi da yawa. In aka haɗa na tukunya da na akwatin farko, ranar da babu gajimare, a samu kamar cikin buta. Kuma sai an zauna a wurin, don rana tafiya take yi, ɗan jim kaɗan hasken ya zame daga tukunya sai an juya firam. Malam Kyari ya ɗauki wannan aikin. Yakan zauna a kujera da hularsa, yaran gida su kewaye shi, yana juya faranti yana tambayarsu ina ruwan ya tafi da ya bar tukunya, me ya sa kanwa ba ta bi shi ba. Kafin in taho yaran maƙwabta ma sun fara shigowa. Na ba shi ɗaya daga manyan idanun nan biyu don ya riƙa nuna musu ƙafar tururuwa. Sauran na dawo da su.

Ranar farko da Bukar ya dawo daga daji aka miƙa masa kwalbar. Ya ɗaga ta ya duba, ya ɗiga kaɗan a tafin hannu ya lasa, ya faɗi wata magana da yarensu. Falmata ta ce wai ɗanɗanon ruwan sama ne da shi. Ya wanke hannu, ya zauna ya dama madarar da kansa.

Cikin Bintu ya tsaya a hankali. Ba zan ce ruwan ne kaɗai ba, don an kai ta asibiti an ba ta magani, ma'aikaciyar kuma ta ja kunnen Falmata a kan wanke kwalba. Amma kafin in bar garin ta fara kama yatsana da ƙarfi, wuyanta ya fara yin layi.

Habibu ya ci buri. Ya ce in aka samu faranti babba za a iya dafa abinci da rana, a daina sayen gawayi, a daina shiga daji. Malam Kyari ya ce masa ya bi a hankali, wannan farantin dai iyakarsa ke nan. Ni kuma wata yamma na sa Falmata ta tambayar mini Bukar, tunda ga ruwa an samu, me zai hana ya nemi wani aiki a cikin gari, ko dako ne. Ya saurara har ta gama. Ya ce ya nema, masu dako sun fi kayan yawa. Sannan ya juyo ya dube ni ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Rana ya ba da ruwa. Madara fa?"

Da kuɗin itacen nan ake sayen madarar. Har yanzu da su ake saye.

Ranar da zan taho Falmata ta cika mini jaka da turare da bandar kifi, ta sa na sake tsayawa a kan kasko. Habibu ya raka ni tasha da sassafe. Motarmu ta isa ƙofar gari ba a buɗe ba tukuna, muka shiga layi. A gefen titi akwai wani layin, na masu itace, maza da 'yan mata da tsofaffi, kowa da kura ko gatari a kafaɗa, su ma suna jiran a ba su hanya. Ina kallonsu ta taga sai na hango Bukar, ya fi na kusa da shi tsawo. Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya gan ni, ya saki kurar ya dafa ƙirji da hannu biyu ya ɗan rusuna. Aka ɗage shinge. Motoci suka miƙe kan kwalta, su kuma suka gangara wata 'yar hanya da ta shiga daji. Na juya ina kallo har ƙura da itatuwa suka rufe su.

Dawowa ba abin da ya faru, ko akwatin ba wanda ya buɗe. Amma na dawo da wata ɗabi'a. Kullum in na idar da sallar magariba sai na kira Habibu. Da farko mukan yi doguwar gaisuwa, in tambayi Falmata, in tambayi Malam da ɗalibansa, in yi ta kewaye-kewaye kafin in tambayi ko Bukar ya dawo daga daji. Yanzu ya gane. Yana ɗauka yake cewa, "Ya shigo, Yaya," sannan mu gaisa.

Jiya ma ya ce ya shigo.